Rabon Azara a Ɗakin Kaka

Tun ina ƙarama nake son kwanciya rigingine a ɗakin Kaka ina kallon rufi. Shigifa ce ta ƙasa a kusurwar gabas ta gidanmu a Madarumfa, in ka hau bisanta kana hango tabki da masunta a bakinsa. Azara ce jere a rufin, hayaƙin shekaru ya mayar da ita baƙa wuluk, kuma a jikin kowace akwai ɗan sara na gizago. Wata sara ɗaya, wata biyu, wata uku. Ba a jere suke bi da bi ba, sai ka ga mai uku kusa da mai ɗaya, sannan masu biyu sun biyo baya.

A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana. Karatun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koye shi, waɗanda wata mai sayar da atamfa take shigowa da su daga Jibiya, muna karɓa haya muna ɓoyewa cikin zane. Su suka ba ni fassarar saran nan. Na san kakanmu namiji, wanda ban riske shi ba, masassaƙi ne, kuma shi ya fasa giginyar da aka rufa ɗakin da hannunsa kafin a kawo masa Kaka. Sai na yanke wa kaina cewa yana aikin yana hango ta a hanyar rijiya. Ranar da ta dube shi ya yi sara ɗaya, ranar da ta yi murmushi ya yi biyu, ranar da ta amsa gaisuwarsa ya yi uku. Na daɗe ina jin haushin masu sara ɗaya, ina cewa a raina yarinyar nan ta cika jan aji. Ban taɓa tambayar Kaka ba. Kunya ce ta hana ni, da kuma ɗan tsoron kada ta ce ba haka ba ne.

Har Kaka ta rasu ban tambaya ba. Na yi aure, na koma Maraɗi ina ɗinki. Mahaifinmu ma ya bi bayan Kaka. Wadda ta rage a ɗakin ita ce Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta dawo daga Gabi tun rasuwar mijinta ta zauna tana jinyar uwarta. A nan aka haife ta, a nan kuma take so ajali ya same ta, haka take faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare.

Wata bazara Gwaggo ta sa aka kira ni a portabul, wayar hannu, ta ce in zo. Na iske kan katangar gabas, inda ruwa ke duka, ya zaizaye, rufin ya lotsa ta wannan gefen kamar bayan tsohon jaki. Daminar da ta wuce da robobi da ƙore ta yi ta, tana ja da tabarmarta daga kusurwa zuwa kusurwa. Kowa ya ga ɗakin ya san ba zai ɗauki wata daminar ba.

Na ce, “To Gwaggo, ai sai a kira magini a buɗe rufin a gyara.”

Ta dube ni yadda ake duban wanda ya ce a ɗebo ruwa da rariya. “A buɗe. Ke kin san azarar wa ce a sama?”

“Ta Kaka mana.”

“Ɗaga kanki. Mai sara ɗaya tawa ce. Mai biyu ta ubanki. Mai uku ta Auta.”

Auta shi ne Baffa, ƙanensu, wanda sashensa ke can ɓangaren yamma na gidan. Gwaggo ta ba ni labarin tana tsinke zogale. Da kakanmu ya rasu, malamin da ya raba gado bai tsaya kan gona da awaki ba, har azarar ɗakin ya raba, domin ita ma dukiya ce. Aka sa aka yi wa kowace shaida da gizago. Amma ba a kwance wa tsohuwa ɗaki a kanta, sai malam ya ce a bar su a sama, ranar da suka sauka ƙasa kowa ya ɗauki nasa.

Na ɗaga kai ina kallon masu sara uku, waɗanda shekara da shekaru nake jin muryar Kaka tana budurwa a cikinsu. Ashe Baffa ne, da rediyonsa da goronsa. Na gaya wa Gwaggo abin da na ɗauka da. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane, ta ce, “Ke da littattafanki. Inna ko hanyar rijiya ba ta bi, a bakin tabki suke ɗiba.”

Baffa ba mugun mutum ba ne, kuma ba ya ɓoye abin da yake so. Babban ɗansa zai dawo daga ci-rani a Najeriya ya yi aure, an riga an tayar da ginin ɗakinsa, saura rufi. Giginya kuwa yanzu ba a sare ta, an hana, ko da ba a hana ba ma ta yi ƙaranci a bakin gulbi. Rufin tol, wato kwano, shi ya rage, wanda a bazara yake gasa mutum kamar kifi a kan wuta. Rabon Baffa kusan rabin rufin ne. In ya zare nasa, ɗakin Kaka ya tashi daga aiki. Ya yi wa Gwaggo tayin wani ɗaki a sashensa, mai siminti da taga, ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za a ba ta masauki a gidan ubanta.

Aka zauna a gindin bedi bayan la’asar. Aka kira masassaƙin da ya yi saran tun farko, ɗan ƙanwar kakanmu, wanda a hannunsa ya koyi aiki. Wato taubashin Gwaggo ne da Baffa, shi ya sa ba a gaisawa da shi sai da tsiya.

Gwaggo ta ce, “Bawana, ka tsufa. Har yanzu kana iya ɗaga gizago, ko shi ke ɗaga ka?”

Ya ce, “Uwargijiya, ni da nake da ɗaki mai rufi? Ki ji da kanki.”

Baffa ya ɓare goro ya ce, “Yaya, ni ban ce a kwance ba. Ruwa ne ya ce. Kuma maganar malam kin ji ta, na ji ta.”

“Maimaita min ita.”

“Ranar da suka sauka ƙasa kowa ya ɗauki nasa.”

“Ya ce ranar da aka buɗe rufi?”

“Ai duk ɗaya ne.”

“Ya ce ranar da aka gyara katanga?”

Baffa ya tsaya da tauna. Gwaggo ta juya ga masassaƙi. “Kai ɗan mace, ana iya gyara kan katanga azara ba ta taɓa ƙasa ba?”

Masassaƙi ya ɗaga kai ya dubi ɗakin, ya daɗe yana susar gemu. “Ban taɓa gani ba. Amma ban taɓa jin an ce haram ne ba.”

Baffa ya yi dariya sosai, irin ta wanda ya ga kasuwa ta faɗo masa. Ya ce ya yarda, a gaban kowa. Wadda ta tsaya a sama ta ɗakin ce. Wadda ta taɓa ƙasa, ko da bakinta ne, mai ita ya ɗauka. Ya ƙara da cewa shi zai zauna ya yi gadi, domin taubashi ba abin yarda ba ne.

Na yi niyyar komawa Maraɗi kashegari, ga ɗinkin mutane yana jira na. Na aika wa maigidana cewa zan ɗan ƙara kwanaki. Ina so in ga yadda za a ɗaga rufi a bar shi rataye.

Aka fara da kwashe ƙasar sama. Magini da mutanensa suka hau da fartanya da kwanduna, suna zubowa bayan ɗaki. A ƙarƙashin ƙasar akwai tsohuwar zana, ta ruɓe ta zama kamar garin taba. Da aka yaye ta sai rana ta shigo ɗakin Kaka layi-layi ta tsakanin azara, ta kwanta a daɓe da jikin bango. Tun da nake ban taɓa ganin cikin ɗakin da haske haka ba. Na ga shatin yatsun wanda ya yi yaɓen farko, na ga wata ƙusa can sama da ban san da ita ba, da ɗan guntun zare ja a jikinta. Na tsaya ina tunanin me aka rataya a wurin, har magini ya ce in matsa kada ƙasa ta zubo min a ka.

Masassaƙi ya kawo gwafanni na bedi, ya kafa su cikin ɗakin layi biyu, ya gitta dogayen itatuwa a kansu daidai ƙarƙashin azara. Sannan ya riƙa buga ’yan guntayen itace a gindin kowace gwafa, kaɗan-kaɗan, yana kasa kunne. Rufin ya yi wata ƙara kamar tsoho zai miƙe daga tabarma, kawunan azara suka rabu da katanga. Aka rushe ruɓaɓɓen kan katangar, azara na nan a sama, ba abin da ke riƙe da gefenta na gabas sai gwafa.

Baffa ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, inda yake ganin komai. Da hantsi yake zuwa da rediyo da butarsa, ba ya tashi sai salla, kuma in zai tafi sai ya ce da ni, “Ɗiyata, amana. Ke ma kina da gado a sama, kada ki bari a cuce mu.” Sai a lokacin na tuna cewa masu sara biyu yanzu namu ne, ni da ’yan’uwana. Su suna Maraɗi da Yamai, da na kira su suka ce Gwaggo ta yi yadda take so. Ni kuwa na zaɓi wata guda kusa da ƙofa, mai ɗan lanƙwasa, na sa wa raina tawa ce.

Aikin masassaƙi shi ne datse kawunan da ruwa ya ci. Yakan hau ya zauna a kan itacen gitta, mutum biyu su ɗaga azara su riƙe, shi kuma ya bi bakinta da gizago har sai ya kai inda itacen yake da rai. Sassaƙen na zubowa ƙasa. Ranar farko Baffa ya miƙe ya zo ya tsaya a kansa.

“Wannan daga jikin mai sara uku ya fito?”

“Daga ita.”

“To ya sauka ƙasa.”

Gwaggo ta ɗauko tsintsiya ta share sassaƙen tas, ta zuba a faifai, ta kai wa matar Baffa ta ce ga gadon mijinki, a hura wuta. Daga ranar kullum da yamma sai ta kai, har matar ta fara tambaya ko yau babu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masassaƙi yake ƙwanƙwasa kowace azara da ƙeyar gizago kafin ya taɓa ta. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce yana tambayarta ne ko namiji ce ko mace. Na ɗauka tsiyar taubasai ce ta biyo ta kaina, ashe da gaske yake. Giginya akwai mace, mai ’ya’ya, akwai namiji wanda ba ya haihuwa. Namijin ake fasawa a yi azara, domin jikinsa baƙi ne, a tsuke, gara ba ta iya shi. Macen cikinta taushi gare shi. Ya ƙwanƙwasa wata, ta amsa da ƙara siririya kamar an taɓa ƙarfe. Ya ce in ji. Ya bi layi yana bugawa ina biye da shi daga ƙasa, har ya iso wata a tsakiya. Ita wannan da ya buge ta, sai ta yi wani sauti a toshe, kamar an mari buhun dusa.

Ya ce, “Ga ta. Na san tana nan, na manta wurin ne.”

Mace guda ɗaya a cikin rufi duka. Abin da saran gizago ya ƙwace min sai na ga kamar ya dawo ta wata ƙofa. Na ce lalle da gangan kakanmu ya sa ta. Masassaƙi ya ce shi dai yana yaro lokacin, ya ga launinta ya ce Kawu wannan ai mace ce, Kawu ya ce ya kama bakinsa ya miƙo igiya. A ganinsa azara ce ta gaza, aka cike da abin da ke kusa. Baffa daga tabarmarsa ya ce a’a, cutar tsoho aka yi a wajen saye, ya ji kunyar faɗa. Na dubi Gwaggo ko za ta ƙara wani abu. Ta ce, “Kada ki dube ni, ba a haife ni ba.” Har yau ina da tawa fassarar, kuma tun da babu wanda ya tabbatar da tasa, ban ga dalilin sakinta ba.

Da aka zo ɗaga macen azarar, ko riƙo ba ta jure ba. Gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Ta karye biyu a hannun mutane, rabi ya faɗo daɓe da ƙura. Baffa ya taso da sauri yana gyara hula. Masassaƙi ya sauko ya juya guntun da ƙafa, ya share ƙura da hannu. Sara ɗaya.

Gwaggo ta ce, “Tawa ce. Koma ka zauna, Auta.”

Ta ja guntayen da kanta ta jingine a bayan ɗaki. Masassaƙi ya ce zai cike gurbin da ƙirya, ita ma gara na jin tsoronta. Amma daga ranar wasan ya ragu. Kowa ya ga cewa azara na iya faɗuwa, kuma masu sara uku ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka rage.

Magini ya tayar da kan katanga da sabon tubali. Da yake azara ta gajarta saboda datsa, sai aka jera gajerun guntaye a kan katangar suna leƙowa ciki, domin su tarbi kawunan. Ana cikin haka gabas ta fara haɗa gira. Da yamma sai iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, ta lafa. Manoma suka fara gyara iri. Mutanen magini hankalinsu ya koma gona, kullum sai an rasa ɗaya. Gwaggo tana kwana a rumfar girki, ta daina kai wa matar Baffa sassaƙe, tana yawan fita ƙofar gida tana duban sama.

Ranar da za a mayar da azara mazauninta, hadari ya taso tun azahar, baƙi ƙirin ta wajen tabki. Mutum biyu kaɗai suka zo. Aka shiga gaggawa, ana ɗaga kowace daga kan itacen gitta ana zaunar da ita a katanga. Baffa ya bar tabarmarsa ya shigo cikin ɗakin, wai don ya gani da kyau. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Iska ta bugo da ƙura. Wanda ke riƙe da kan wata doguwar azara ya kai hannu ido, ta suɓuce. Na ga kanta ya yi ƙasa. Ban ga lokacin da Baffa ya motsa ba, sai dai na gan shi a durƙushe kaɗan, hularsa a daɓe, azarar a kafaɗarsa, hannayensa biyu sun rungume ta. Tsakanin bakinta da ƙasa bai kai kamu ɗaya ba. Saran yana daidai kuncinsa, guda uku, kowa na gani.

Masassaƙi yana sama, gizago a hannu. Gwaggo ta zo ta tsaya a bayana, na ji numfashinta a wuyana.

Ta ce, “Taka ce, Auta. In ka gaji ka aje.”

Baffa bai dube ta ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗaga ido ya ce da masassaƙi, “Kai ɗan mace, ka tsaya kallo? Kafaɗata ba gwafa ba ce.”

Suka karɓa suka ɗaga. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya fita yana murza kafaɗa. A tsakar gida ya ce da ni, ba tare da na tambaye shi ba, tsoho ya hana su tun suna yara su bar azara ta faɗi da ka, domin tsagewa take yi, kuma tsagaggiyar azara ba ta da amfani ga kowa. Ya ce hannunsa ne ya riga shi. Na ce to, Baffa. Ina da tambaya a bakina, game da lokacin da ya tsaya da ita a kafaɗa bayan hannun ya gama nasa, amma na haɗiye ta.

Hadarin ranar iska ce kawai, ya watse. Aka samu aka shimfiɗa sabuwar zana, aka zuba ƙasa aka daddaɓe, aka yi yaɓe aka gyara indararo. Ɗakin ɗan Baffa kuwa tol aka rufa masa, kuma Baffa bai fasa faɗa a majalisa ba cewa yayarsa da taubashinsa sun haɗa kai sun ci gadonsa da wayon magana.

Ruwan farko ya sauko wata ranar da rana tsaka, kafin in koma. Ni da Gwaggo muna cikin ɗakin, ta mayar da gadonta da tukwanenta, muna zaune mun ɗaga kai muna jiran inda zai ɗiga. Sai ga Baffa ya shigo da buhu a ka, rigarsa sharkaf.

Gwaggo ta ce, “Lafiya?”

“Na zo duba dukiyata. Maganar malam tana nan, Yaya. Ɗaki dai ƙasa ne, wata rana zai kwanta.”

“To zauna ka jira.”

Ya zauna a bakin gado. Ruwa na dukan rufi, indararo na zuba a waje. Can sai ɗigo ya fara sauka a kusurwar arewa, a hankali. Gwaggo ta tura ƙwarya da ƙafa, Baffa ya miƙe ya ƙura ido sama yana neman ko sara nawa ne a jikin wadda ke yoyon.